Ranar da Om Nat Ya Hau Kwakwar Sasi

"Nat! Zefnat! Ka fito, Lodi zai mutu!"

Zefnat yana tsugune a bayan gida yana ɗinke komar kamun kifi sa'ad da ihun ya riske shi. Allurar ta kufce masa ta faɗa cikin yashi. Kafin ya miƙe, Usi Sin ta riga ta faɗo tsakar gidan, ba takalmi, ba ɗankwali, furfurarta a barbaje iskar gabas tana wasa da ita. Ta cafki hannunsa da hannu biyu kamar mai nutsewa.

"Tun safe yake amai da gudawa. Ya daina gane ni, Nat. Ibu Bidan ta ce a kirawo dattijon coci."

Gaban Zefnat ya yanke ya faɗi. Ba ciwon ne ya kaɗa masa hanta ba, sunan ne. Lodi ɗan Usi Sin, mashayin da duk garin Wailoni ya sani. Tun ranar da Fasto ya tsaya gaban bagade ya ɗora sasi, wato dokar hani ta coci, a kan kwakwar tsibirin, babu mahalukin da ya isa ya taɓa ko ɗaya, ko wadda ta faɗo da kanta, sai 'ya'yan sun ƙosa ya dawo ya buɗe da addu'a. Lodi kaɗai ya hau ya tsinko, ba don yunwa ba, don ya sirka giyar sopi da abokansa a bakin teku. Zefnat ne ya kama shi, kuma Zefnat ne ya miƙe ran Lahadin da ta wuce, cikin baƙar kwat ɗinsa ta dattawa, ya kira sunansa a gaban jama'a ya ce Allah ba ya barci.

To, ga shi kuwa bai yi barcin ba.

Ya bi ta da sassarfa. Mutane sun yi cirko-cirko a kan hanya, nesa da ƙofar gidan, kowa ya riƙe yaransa. Wata mata ta ce a hankali, yadda dai zai ji, "Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah." Da ya wuce sai suka dare masa hanya da wani irin ladabi da bai taɓa gani ba. Tsoronsa suke ji. Bakinsa ne ya yi wannan aiki.

Warin ɗakin ya tare shi tun daga ƙofa. Lodi na kwance a kan gadon gora, ƙaton da ke ɗaga injin kwalekwale shi kaɗai, yau ya koma kamar busasshen kifi. Idanu sun zurma, leɓe ya tsage. Ibu Bidan, ungozomar da gwamnati ta turo musu bara, tana durƙushe a gefensa. Ta mintsini fatar cikinsa ta saki, fatar ta tsaya a tsaye ba ta koma ba.

"Ka gani, Om Nat? Ruwan jikinsa ya ƙare. Ledar ƙarin ruwa ta ƙarshe na ɗaura wa mai haihuwa makon jiya, jirgi kuma bai zo ba, kai ma ka san halin tekun nan. Tankin ruwan sama ya bushe. Na tafasa na rijiya, gishiri ne zalla, ina ba shi yana dawo da shi." Ta share goshi da bayan hannu. "Ɗanyar kwakwa nake so. Da yawa. Yanzu."

Usi Sin ta ɗora hannu a ka. "Yesu! Ita ce fa ta kwantar da shi, 'yar nan!"

"Ba ita ba ce, Tanta Sin, ruwan rijiya ne. In bai sha ba, ba zai ga faɗuwar rana ba. Om Nat, kai ne babba tunda Fasto ba ya nan. Ka buɗe min itace ɗaya."

"Ni?" Muryarsa ta fito siririya har ya ji kunyarta. "Ba ni da wannan iko. Bari in ga Bung Emus."

Ya fita kamar an koro shi.

Welhelmus, ɗaya dattijon da ake kira Emus, yana harabar coci yana kakkaɓe kujerun gobe Lahadi. Ya saurari zancen har ƙarshe, tsumma a hannu, bai ko ɗaga gira ba.

"Ka kira Fasto mana."

"Da wace waya, Bung? Tun da iska ta kayar da ƙarfen sabis ɗin nan ko sanda ɗaya babu. Yana can taron gunduma a babban tsibiri, sai teku ta kwanta."

"To shi ke nan. Wanda ya rufe shi ke buɗewa, a cikin coci, ran Lahadi, jama'a na tsaye. Kai ka fi ni sanin haka, kai ka koya min ma." Ya ci gaba da kakkaɓa. "Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka."

"Mutuwa fa zai yi."

"Kai da bakinka ka ce Allah ba ya barci. Yanzu da Ya farka kake so ka riƙe Masa hannu?" Welhelmus ya ajiye tsumman, ya matso, ya rage murya. "Bung Nat, ka tuna Yusak na unguwar tudu? Shi ya ɗauki kwakwar sasi, amma shi ya biya? Yana nan garau yana cin masararsa. Jaririnsa ne ya zo ba rai. Tanci watanta ya tsaya, ko yau ko gobe. Ka yi tunani."

Zefnat ya juya ya dubi hanyar gidansa. Tanci, 'yarsa tilo. Mijinta yana aikin jirgi a Ambon, shi ya sa ta dawo gida haihuwa, cikin fari. Da safen nan ma ya bar ta tana ninke 'yan riguna tana rera waƙar coci. Duk rayuwarsa ya gina katanga kewaye da gidan nan: bai taɓa fita kamun kifi ran Lahadi ba, bai taɓa kai sopi bakinsa ba, bai taɓa makara a sujada ba, ko zagi bai iya ba. Ya yi imani muddin katangar ba ta tsage ba, babu abin da zai shigo. Yanzu ana so ya fasa ta da hannunsa, saboda Lodi.

A hanyar komawa dabara ta faɗo masa, har ya ji numfashinsa ya dawo. Ya biya ta gida ya ɗauko doguwar gora mai lauje a kai, ya tsaya a ƙofar Usi Sin ya yafito ungozomar.

"Ibu, na samo hanya. Ke ba 'yar ikilisiyarmu ba ce. Ranar da aka ɗora sasi ba kya cikin coci, ba ki ce amin ba. Ga gora. In ke kika tsinko, dokar ba ta hau kanki ba, ni kuma zan juya baya, ban gani ba."

Ta dubi gorar, ta dubi dogayen itatuwan da iska ke lanƙwasawa, sannan ta dube shi tun daga ƙafa har kai.

"Gorar nan ko rabin itacen ba za ta kai ba. Amma bar wannan. Om Nat, in na gane, ka yarda duk wanda ya taɓa zai gamu da bala'i?"

Ya sunkuyar da kai yana duban gorar.

"Shi ne ka ce bari ka ba baƙuwa ta ɗauka? Allahn naku idan ka juya baya Shi ma juyawa yake yi?" Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Lallai na yarda kai dattijo ne. Ka iya lissafi."

Kunya ta rufe shi kamar an watsa masa ruwan zafi. Sai ga wata murya daga cikin ɗaki, kamar ana jan busasshen ganye a ƙasa.

"Om... Om Nat ne?"

Ya shiga. Lodi ya farfaɗo, idanunsa na yawo har suka same shi. Zefnat ya durƙusa nesa kaɗan, yadda gwiwarsa ba za ta taɓa gadon ba.

"Na ji ku," in ji Lodi. Kowace kalma sai ya huta. "Kada ka taɓa, Om. Kada ka sa kowa. Ni na ɗebo da zafi... bakina." Ya yi ƙoƙarin murmushi, leɓen ya tsage jini ya fito. "Tanci na da ciki. Ajinmu ɗaya a makarantar Lahadi, ita ke ba ni amsa. Kada wani abu ya same ta saboda ɗan iska irina. Ka yi min addu'a kawai. In ba ka ƙyamata."

Ya miƙo hannu. Hannun ya tsaya a iska.

Zefnat ya yi addu'a a kan gawa da yawa, a kan amare, a kan sababbin kwalekwale. Kalmomin suna nan a jere a bakinsa kullum kamar kwanuka a kanta. Yau ya laluba bai sami ko ɗaya ba. Abin da yake gani kawai shi ne mutumin nan, wanda bai taɓa kiyaye doka ɗaya ta Wailoni ba, yana kwance a bakin kabari yana sayar da ransa don 'yar wanda ya tona masa asiri. Shi kuwa mai baƙar kwat, da ya kiyaye su duka, yanzun nan ya gama neman wanda zai tura cikin wuta a madadinsa. Idan Ubangiji Yesu ya shigo ɗakin nan, gefen wa zai zauna?

Ya kama hannun. Sanyi ƙalau.

"Usi Sin," ya ce ba tare da ya juya ba, "ina addarki?"

"Nat, kada..."

"Ina take?"

Gonar kwakwar tana bayan gidan, ta gangara har bakin teku. A jikin itacen farko ga allon nan da shi da kansa ya kafa, an rubuta sasi da jan fenti, an ɗaure masa ganyen kwakwa da ya riga ya bushe. Bai taɓa allon ba. Ya tuɓe takalmi, ya soke addar a bayan ɗamararsa. Kafin ya ɗago, rabin gari ya taru a bakin gonar, babu wanda ya tsallako iyaka.

Welhelmus ya iso yana haki. "Bung Nat! Ka haukace? Ka sauka daga dattijo yau ɗin nan in ka hau itacen nan!"

"Na ji, Bung."

"Ba ni za ka amsa wa ba!"

"Na sani."

Ya dafa itacen, ya jingina goshinsa a jiki. "Ya Uba," ya ce cikin raɗa, "ban san ko daidai nake yi ba. Itacen naka ne, yaron ma naka ne. In akwai abin biya, ga ni, ni kaɗai. Ka bar min Tanci."

Rabonsa da hawa tun kafin a naɗa shi dattijo, don ba girman dattijo ba ne a gan shi a sama kamar biri. Tsofaffin saran da ake taka ƙafa sun cike, sun yi santsi. Ya rungumi itacen ya fara ja. Kafin ya kai tsawon rufin gida cinyoyinsa sun fara rawa, fatar ƙirjinsa ta saluɓe. Iska ta taso daga teku ta bugi itacen, ya tafi da shi can gefe, ya tsaya, ya dawo. Ya runtse ido. Yanzu ne, ya ce a ransa. Haka ake ba da labarin irinsu: ya kai rabi sai hannu ya sake.

Hannun bai sake ba. Ya ƙara ja.

Ƙafarsa ta dama ta zame. Ya sulalo ƙasa kamar kamu biyu, itacen yana yagar masa ciki, mata suka kwarma ihu a ƙasa. Ya maƙale da gwiwa da haƙori, ya ji gishirin jini a bakinsa. Wani ya yi kira, "Ka sauko, Om, tun da sauran rai!" Wani kuma, "Ga shi nan, an fara!" Bai duba ƙasa ba. Ya nemi saran da babban yatsa, ya samu, ya hau.

Da ya kai kai, ya jefa hannu ya kama gindin ganye ya ja jikinsa ciki, jajayen tururuwa suka yi masa caa a wuya. Ga 'ya'yan kwakwar nan, koraye, cike, a cure wuri guda. Ya zaro addar. Sara na farko ya kauce. Na biyu ya ci. Ya riƙa murɗe su ɗaya-ɗaya yana sakin su inda yashi ya fi laushi don kada su fashe. Tim. Tim. Tim.

Sai ya leƙa ƙasa, ya ga abin da bai lissafa ba.

Kwakwar na zube a kan yashi, babu mai ɗauka. Wadda ta gangara wajen taron, mutane suka ja da baya kamar kububuwa ce. Ibu Bidan tana ɗaki wajen mara lafiya. Usi Sin ta durƙushe a bakin gonar tana kuka, ta miƙa hannu ta janye, ta miƙa ta janye. Shi kuma ya san jikinsa: saukowa za ta ci lokacin da Lodi ba shi da shi.

"Ku ɗauka!" ya yi ihu. Iska ta kwashe muryar. "Don Allah wani ya kai mata! Ni na tsinko, a kaina yake!"

Babu wanda ya motsa.

Sai taron ya tsage. Wata mace ta fito tana tafiyar agwagwa, hannu ɗaya a ƙugu, ciki a gaba. Ya gane rigar tun kafin ya gane fuskar.

"Tanci! A'a! Koma! Tanci!"

Ko ba ta ji ba, ko ta ƙi ji. Ta tsallake iyakar, ta wuce allon, ta tsuguna da ƙyar ta ɗauki ɗaya ta rungume a kan cikin, ta kama wata ta kusa. Welhelmus ya tare ta, hannuwa a buɗe.

"Nona Tanci, ki yi wa abin da ke cikinki rai!"

"Om Emus, matsa min, nauyi gare su," in ji ta. "In ba za ka taya ni ba kada ka tsaya min a hanya."

Zefnat bai san yadda ya sauko ba. Ya dai san ya faɗo daga tsawon mutum ya bugu da kafaɗa, ya tashi, ya kwashi uku a hannu ya ruga. Jini na bin cikinsa har wando.

A ɗaki ya tarar Tanci ta zauna a bakin gadon, ta ɗora kan Lodi a cinyarta. Ungozomar ta fizge addar daga ɗamararsa, ta sare kan kwakwar da sara uku, ta tsiyaye a kofi.

"Cokali-cokali. In ya yi amai mu huta mu sake."

Lodi ya datse haƙora, ya kau da kai.

"Kai, ɗan banza, buɗe bakin nan," in ji Tanci. "Da ta sopi ce ai da tuni ka shanye har da kofin. Papa ya kusa karya wuya saboda kai. Sha!"

Ya sha. Ya dawo da shi. Suka jira, suka sake. Ya dawo da rabi. Zefnat na tsaye jikin bango, idonsa ba a kan Lodi yake ba, a kan 'yarsa yake. Duk ta gyara zama sai ya zabura. Duk ta taɓa mara sai ya matso.

"Ɗan cikin yana motsi?" ya tambaya a karo na ba adadi.

"Papa, ƙwallo yake bugawa. Ka zauna kafin ka faɗi, ka cika mana ɗaki da jini."

Rana ta karkata, inuwar itatuwan ta miƙe har ƙofa. Ɓawon kwakwa ya taru a gefe. Aman ya tsaya. Ungozomar ta riƙe wuyan hannun Lodi ta daɗe tana saurare, sannan ta sake mintsinin fatar cikinsa. A hankali, kamar mai jin kunya, fatar ta kwanta.

"Zai tashi," ta ce. Ta zauna daɓas a ƙasa. "Tanta, ɗanki zai tashi."

Usi Sin ta kife a ƙafafun Zefnat. Ya janye da sauri ya ɗaga ta, don bai ga abin da ya yi da ya wuce abin da ya kamata ya yi tun da rana tana tsaka ba. Tsoron bai bar shi ba, yana nan zaune a ƙarƙashin haƙarƙarinsa, kuma ya san zai zauna har ranar da ya ji kukan jariri. Amma ya ga zai iya ɗaukarsa ya yi tafiya da shi. Ya dafa goshin Lodi, sai ga addu'ar ta zo da kanta, gajeriya, ba irin ta gaban bagade ba.

Ihu ya tashi daga bakin teku.

Ya fita yana ɗingishi. Jama'ar da ke ƙofa duk sun juya suna kallon ruwa. Wani kwalekwale ne ya keto raƙuman da ko manyan jirage suka ƙi shiga, filafilinsa a yage, igiyar ruwa ta ɗauko shi ta maka a kan yashi. Wani dogon mutum da babu wanda ya sani ya diro, ruwa har ƙirji, ɗauke da yarinya a kafaɗa, kanta na lilo. A bayansa, cikin kwalekwalen, mutane ne kwance a jere, wasu na motsi, wasu ba sa yi.

Mutumin ya hauro, ya tsaya yana tangaɗi. Ya dubi taron, ya dubi gonar kwakwar da ta cika da 'ya'ya har ƙarshen gani, ya dubi jan allon.

"Rijiyarmu ta kashe mana mutum huɗu," ya ce da dasasshiyar murya. "Akwai wasu kwalekwale biyu a bayana. Wane ne mai buɗe sasi a garin nan?"

Welhelmus ya tako gaba ya tsaya a gaban allon. Sauran mutanen Wailoni kuwa, ɗaya bayan ɗaya, suka juyo suna kallon Zefnat.